Tarihin Ƙamusun Turanci da Hausa

Ƙamusun Turanci da Hausa littafi ne da ake buɗewa don sanin ma'anar kalmar Ingilishi da yadda ake sarrafa ta. Na farko-farko ba don Bahaushe aka yi su ba. Turawa ne suka rubuta wa 'yan uwansu masu neman jin Hausa: 'yan mishan, sojoji da jami'an mulki.

J. F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya fitar da nasa a 1876, bayan ya daɗe yana ɗaukar Hausa daga bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu. C. H. Robinson ya biyo baya a 1899. Ƙasar da ake kira Gana yau ma tana da hannu a wannan aiki. A Kete-Krachi ne Adam Mischlich ya zauna da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya yi zaman Salaga, kuma a 1906 Mischlich ya buga ƙamusunsa na Hausa da Jamusanci. Sai G. P. Bargery a 1934 da kalmomi kusan 39,000, sannan R. C. Abraham a 1949.

Ɗalibi Bahaushe bai samu nasa sosai ba sai 1965, da Neil Skinner ya fito da Kamus na Turanci da Hausa a Zariya.

Inda aikin ya fi wuya shi ne aikatau. Suna ba ya ba da wahala: tebur tebur ne. Amma kalmar break ita kaɗai, Bahaushe sai ya tambaya, me aka yi wa? In sanda ce an karya, in tulu ne an fasa, in igiya ce an tsinka. Ƙamusun da ya ba da fassara ɗaya tak ya bar mai karatu a tsakiyar kogi. Shi ya sa na Roxana Ma Newman, na 1990, ya yi fice, don ya rarrabe ma'anoni ya kuma kawo misalai.

Asalin kalma kuwa ba hurumin irin waɗannan ƙamusoshi ba ne. Ɗalibi a Dabokpa ta Tamale, mai Dagbanci ko Hausar zango a gida da Turanci a aji, in yana son sanin tushen aikatau na Turanci sai ya nemi babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara bugawa a 1884 aka kammala a 1928.