Turancin Bazara: Kwas ɗin da Ya Zama Ƙofar Shiga Jami'o'in Birtaniya

A ƙarshen watan Yuni, daidai lokacin da ɗaliban jami'o'in Birtaniya ke tattara komatsansu su tafi dogon hutu, wasu ne ke shigowa da akwatuna. Mafi yawansu daga ƙasar Sin suke, sai na Saudiyya da Japan da Turkiyya da sauransu. An ba su gurbin karatu, amma da sharaɗi, domin makinsu na jarrabawar Turanci ta IELTS bai kai ba. Jami'a ta nemi 6.5, su kuma 6 ko 5.5 suka kawo. Wanda rabin maki ya rage masa, mako shida na kwas ɗin Turancin bazara kan ishe shi. Wanda ya gaza da cikakken maki kuwa sai ya zauna mako goma ko sha biyu kafin a buɗe zangon karatu a Satumba.

Harkar ta fi tsufa a Amurka, inda Jami'ar Michigan ta kafa cibiyar koyar da Turanci a 1941 ƙarƙashin Charles Fries, ana sa ɗalibi ya maimaita jimla har ta zauna masa a baki. A Birtaniya kuwa, har farkon shekarun 1970, aikin malami ɗaya ne ko biyu a kowace jami'a, waɗanda ake tura wa baƙon ɗalibi idan mai duba aikinsa ya kasa gane abin da ya rubuta. Ba littafi, ba manhaja, kowa da 'yan takardunsa. A 1972 malamai daga Birmingham da Leeds da Manchester da Newcastle suka kafa ƙungiyar SELMOUS, ba don komai ba sai musayar waɗannan takardu. Ita ce ta koma BALEAP a 1989, kuma har yau ita ke tantance kwasa-kwasan.

Abin da waɗannan mutane suka gano da wuri shi ne, nahawu ba shi ne babban ciwon ba. Injiniyan da ya zo digiri na biyu yakan fi ɗan ƙasa sanin ƙa'idar aikatau, amma ya zauna a lacca awa guda ya fito bai san inda malami ya yi zance mai muhimmanci da inda ya yi raha ba. A Birmingham, Tim Johns da Tony Dudley-Evans sun bi ɗaliban sashen sufuri da na ilimin tsirrai har ajinsu. Sai a ɗauki laccar a kaset, malamin Turanci ya saurara ya tsara tambayoyi, sannan a zauna da ɗaliban tare da shi kansa malamin da ya yi laccar. Nan ake ganin inda aka yi ɓatan kai, kuma ba kullum ne laifin yake wajen ɗalibi ba.

John Swales ma ba a Ingila ya koyi sana'ar ba. Ya koyar a Libiya, sannan ya yi shekaru a Jami'ar Khartoum ta Sudan yana fama da Turancin ɗaliban kimiyya. Da ya koma Jami'ar Aston, a 1981 ya zauna ya feɗe gabatarwar maƙalun bincike 48, ya tarar kusan duk hanya ɗaya marubutan ke bi: su nuna fagen yana da muhimmanci, su ambaci aikin magabata, su nuna giɓin da aka bari, sannan su ce ga su sun zo cike shi. Duk wanda ya taɓa koyarwa a kwas ɗin bazara ya zana wannan tsari a allo. Haka ma jerin rukunin kalmomi 570 da Averil Coxhead ta fitar a New Zealand a 2000, wanda ɗalibai ke haddacewa ko malami ya so ko ya ƙi.

Kuɗi ne suka sauya komai. Daga 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora wa baƙin ɗalibai cikakken kuɗin makaranta, jami'o'i suka farga cewa ɗalibin waje riba ne. A 1989 IELTS ta maye gurbin tsohuwar jarrabawar ELTS, aka samu mudu ɗaya da kowa ke awo da shi. Tony Blair ya ƙaddamar da shirin jawo ɗaliban ƙetare a 1999, kamfanoni masu zaman kansu irin su Kaplan da INTO suka shigo suna haɗa gwiwa da jami'o'i. Da aka kawo sabon tsarin bizar ɗalibai a 2009, aka kuma tsaurara sharaɗin Turanci a 2011, sai sakamakon kwas ɗin ya zama abin da ke yanke wa mutum hukunci: ko ya wuce digiri, ko ya koma gida da asarar kuɗin iyayensa.

Malaman sun san nauyin nan sarai. Cibiyar da ke da ma'aikatan dindindin ƙalilan takan ɗebo ninkinsu a bazara, a kan kwantiragin 'yan makonni. Wasu daga Sifaniya ko Biyetnam, inda suke koyarwa, suke dawowa, a sauke su a ɗakunan kwanan ɗalibai, Satumba na yi a sallame su. Ranar da ta fi kowace zafi ita ce ta daidaita maki. A raba wa kowa kwafin maƙala ɗaya, kowa ya ba ta maki shi kaɗai, sannan a bayyana. Wani ya ce ta ci, wata ta ce wannan yaron ba zai iya rubuta kundin digiri ba nan da wata tara. A yi ta ja-in-ja a kan sakin layi guda, alhali kowa a ɗakin ya san jami'a ta riga ta lissafa kuɗin makarantar yaron a kasafinta. Ba a cika faɗin wannan a fili ba.

A aji kuwa, abin da ya fi cin lokaci shi ne koya wa ɗalibi ya faɗi maganar wani da kalmominsa ya kuma ambaci mai ita. Wanda ya taso inda kawo lafazin malami daidai yake nuna ladabi, sai ga manhajar Turnitin mai gano kwafi ta shafa wa rabin shafinsa launi, ana kiran abin sata. Sai kuma sassauta iƙirari: kada ka ce bincikenka ya tabbatar, ka ce yana nuni.

'Yan Najeriya ba su da yawa a waɗannan azuzuwa, domin jami'o'i da dama na karɓar C6 a Turancin WAEC a madadin IELTS. Sauƙi ne ga aljihu, amma yana da nasa tsadar. Ɗan Sin da ya yi mako goma ya riga ya san laburare, ya rubuta doguwar maƙala an yi masa gyara, ya saba da yi wa malami musu. Ɗan Kano mai zazzaƙan Turanci kuwa sai a aikinsa na farko, wanda makinsa ke shiga digiri, yake haɗuwa da waɗannan ƙa'idoji. Akwai darussan tallafi da ake yi kyauta a cikin zango a jami'o'i da yawa, sai dai wanda ya yarda da Turancinsa ba ya cika leƙa su.

Annobar korona ta mayar da kwas ɗin 2020 kan intanet cikin 'yan makonni, malami a Leeds yana koyar da sassafe don ya dace da agogon Shanghai, kuma jami'o'i da yawa ba su rufe wannan ƙofar ba har yanzu. ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022 ya fi girgiza harkar, tunda maƙalar da ake rubutowa daga gida ita ce ginshiƙin tantancewa. Cibiyoyi da dama sun koma sa ɗalibi rubutu a aji ana kallonsa, ko a zaunar da shi gaban malamai biyu, a buɗe maƙalarsa, a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hujja ya bar waccan.