Masarautar Kazaure: Tarihinta da Inda Aka Samo Shi

Kazaure gari ne kuma masarauta a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, a kan hanyar Kano zuwa Daura. Ƙasarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura, wadda ke gabas da ita a bakin iyakar Nijar, maƙwabciya ce kawai. Ta zauna ƙarƙashin Sarkin Kano har 1991, lokacin da aka sanya ta cikin sabuwar Masarautar Ringim. Abin da ya bambanta ƙasar Kazaure da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano shi ne jerin duwatsun da suka ratsa ta, tun daga wajen Roni har cikin garin Kazaure kansa. Waɗannan duwatsu su ne ganuwar farko ta duk wanda ya zauna a nan.

Kafin jihadi

Labarin zaman farko a bakin dattawa da maroƙan fada yake. Suna cewa mafarauta ne suka taso daga wajen Dutsen Dala, ƙarƙashin wani jarumi mai suna Kutumbi, suka sami ruwa da namun daji a tsakanin duwatsu, suka kafa zango. Ana danganta wannan hijira da wajen shekara ta 1300, amma wannan lissafi ƙiyasi ne. Kada kuma a haɗa wannan Kutumbi da Sarkin Kano Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648. Abin da ke ƙarfafa labarin shi ne tsufan Dala kanta: binciken da aka yi kan ragowar wuraren narkar da tama a can ya nuna ana aikin ƙarfe tun ƙarni na bakwai. Gari mai irin wannan tsufa ba abin mamaki ba ne ya haifi ƙauyuka a tafiyar kwana biyu ko uku.

Ɗantunku

Rubutaccen tarihin Kazaure da yaƙi ya fara. Ibrahim Ɗantunku shugaban Fulani ne a arewacin ƙasar Kano, wajen Dambatta. A farkon jihadi ya tare hanya, ya hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa rundunoninsu, aka kuma ba shi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daga nan ya yanki ƙasa a inda iyakokin masarautun nan uku suka haɗu. Muddin Sarkin Kano Sulaimanu na da rai, ba a sami wata babbar ɓaraka ba.

Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, sai ya nemi mubaya'a. Ɗantunku ya ƙi, bisa hujjar cewa tutarsa daga Shehu take, ba daga Kano ba. Wannan shekara ce ake ɗauka a matsayin kafuwar masarautar. An shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Mayaƙan Ɗantunku sun kai hari har kusa da badalar Kano, rundunar Kano kuma ta kutsa cikin duwatsun Kazaure ta fasa sansaninsa, shi kuma ya yi mata kwanton ɓauna ya kore ta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta.

A nan ne mai karatu zai yi hattara, domin yawancin waɗanda suka rubuta wannan yaƙi daga ɓangaren Kano suka tsaya. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma aka buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafin fada ne. Yana lissafa yaƙin cikin yaƙe-yaƙen da Dabo ya yi da waɗanda suka yi masa tawaye. Taƙyidul Akhbar, labarin jihadi a ƙasar Kano da Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta wajen 1868, shi ma aikin malamin Kano ne. (Wannan Zangi daban yake da Sarkin Kazaure Muhammadu Zangi, duk da zamaninsu ɗaya.) Hatta baƙon da ya ga abin da idonsa, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, baƙon Dabo ne. Ya iso Kano a Janairun 1824, ya tarar da Sarki a sansanin Fanisau yana shirin fita, ya kuma ga kufayin ƙauyukan da yaƙin ya tasa. Abin da ya ji game da Ɗantunku a bakin abokan gabarsa ya ji shi. Wanda Kano ta kira ɗan tawaye, a Kazaure mai tuta ne, kuma hukuncin Sakkwato ya goyi bayan Kazaure. H. A. S. Johnston, a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, ya bi wannan fahimta.

Ganuwa da Damagaram

Ɗantunku ya rasu a 1824. Ɗansa Dambo, wanda ya yi mulki har 1857, shi ya mai da zangon yaƙi birni: ya kewaye Kazaure da ganuwa, ya faɗaɗa ƙasa. Amma haɗari ya koma arewa. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa a Zinder, kuma a hannun mayaƙansa Dambo ya rasu. Hare-haren sun sake tsananta a shekarun 1890, zamanin Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, har Faransawa suka ci Zinder a 1899. Garuruwan bakin iyaka irin su Babura a kan hanyar waɗannan rundunoni suke. Muhammadu Zangi ya riƙe Kazaure daga 1857 zuwa 1886, sai Muhammadu Mayaƙi har 1914.

Zamanin Turawa zuwa yau

A zamanin Mayaƙi ne Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, aka sanya Kazaure cikin Lardin Kano da sarkinta da baitulmalinta. Daga nan irin takardun ya canza: rahotannin kimanta haraji, ƙidayar gidaje da shanu, da bayanan asalin garuruwa da jami'an mulki suka ɗauko daga bakin hakimai. Daga irinsu W. F. Gowers ya tsamo kundin Lardin Kano na 1921, Hogben da Kirk-Greene kuma suka gina babin Kazaure a littafinsu na 1966 kan masarautun Arewa. Suna da amfani ƙwarai wajen sanin yawan jama'a da sana'o'i, sai dai muryar masu sarauta ce ta fi fitowa a cikinsu, ta manoma da maƙera da Maguzawa kuwa ƙasa-ƙasa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Kazaure ta shiga sabuwar Jihar Jigawa. Sarki Najib Hussaini Adamu, wanda ya hau gado a 1998, shi ne na goma tun daga Ɗantunku. Mai son bin diddigin takardun zamanin Turawa sai ya nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna. Labarin Roni da Gwiwa kuwa, mafi yawansa har yanzu a wurin dattawansu ake jin sa.