DALLA-DALLA: Kaurin ƙarfen da ya dace a yi wa tsohuwar mota faci idan tsatsa ta ci ta

Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, sayen mota, ko da 'yar Kwatano ce, ya gagari jama'a da yawa. Wannan ya sa ake ta lallaɓa tsofaffin motoci, musamman na haya, alhali tsatsa ta riga ta yi wa da yawa daga cikinsu illa. Facin da ake yi musu ba batun kwalliya ba ne kawai, domin a kan ƙarfen da aka liƙa ne fasinja ke ɗora ƙafarsa.

Daga ina tsatsar take?

A Kanada da arewacin Amurka da sassan Turai ana barbaɗa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin na maƙalewa a ƙarƙashin mota, sai ta iso nan da ciwonta a ɓoye. A gida kuma, jiƙaƙƙen kafet da toshewar ƙananan ramukan da ke fitar da ruwa daga ƙofa kan ƙarasa aikin.

Yadda ake karanta geji

Ana auna kaurin fallen ƙarfe da milimita ko da geji. Abin da ke rikita mutane shi ne, duk lokacin da lambar geji ta ƙaru, ƙarfen ragewa yake yi. Ga ƙiyasin baƙin ƙarfe:

Geji 22: kimanin milimita 0.8
Geji 20: kimanin milimita 0.9
Geji 18: kimanin milimita 1.2
Geji 16: kimanin milimita 1.5
Geji 14: kimanin milimita 1.9

Wanne ya dace da wane wuri?

Babbar ƙa'ida ita ce faci ya yi daidai da kaurin ƙarfen asali. Ana kankare fenti da tsatsa har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, sannan a auna. Auna wurin da tsatsa ta ci yaudarar kai ne, domin ya riga ya zaizaye.

Fatar ƙofa da sauran jikin waje na tsofaffin motocin Turai da Japan yawanci geji 20 ne zuwa 22. Daɓen mota kan buƙaci geji 18 zuwa 20. Sassan da ke ɗauke da nauyi, kamar shasi da mazaunin shokozoba da inda ake ɗaure kujera da bel, kan kai geji 16 ko 14.

Illar kuskure

Idan faci ya fi ƙarfen asali kauri sosai, wutar da za ta narkar da shi huda na asalin za ta yi, kuma lanƙwasa shi zai yi wuya. Idan ya yi siriri, zafin walda zai murɗe shi, kuma ba zai jure nauyi ko karo ba.

Mafi muni shi ne faci da kwanon rufi, wanda galibi bai kai rabin milimita ba. Ban da rashin ƙwari, an lulluɓe shi da tutiya, wadda hayaƙinta ke jawo wa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Motocin zamani kuma suna da nasu hukunci. Ginshiƙansu na ƙarfe ne na musamman da zafin waldar gas ke raunanawa, don haka sauya ɓangaren gaba ɗaya ya fi faci.

Abin da mai mota zai lura da shi

Ya tabbatar an yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, ba rufe shi aka yi ba. Ya fi kyau a haɗa bakin faci da bakin ramin daidai wa daida, domin ɗora wani kan wani na tara danshi a tsakani. Ya kuma nemi ganin aikin kafin a shafa fila, tare da tabbatar da an shafa maganin tsatsa ta ciki da waje.

Mai sayen tsohuwar mota kuwa ya tafi da ƙaramin maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, akwai alamar fila aka cusa. Ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashi, domin fenti mai sheƙi ba ya ba da labarin abin da ya rufe.