Baƙar Lakar Jazira

Baƙar lakar Jazira ƙasa ce mai danƙo da ta mamaye filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, har zuwa Sinnar da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa a 1906. A kanta aka shimfiɗa gonakin audugar Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925.

Manomi na son ta, magini kuwa tsoronta yake. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har hannu ya shige ramin. Wannan motsi ke ɗaga daɓe, ya tsaga bango daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, kwalta ta yi tudu da kwari.

Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana nazarin wannan laka. Injiniyoyi kan haƙa rami su auna kumburinta kafin gini, su kafa ginshiƙan kankare can ƙasa inda danshi ba ya canzawa, ko su gauraya ta da farar ƙasa. Abin takaici, kuɗin gwajin ya fi ƙarfin yawancin magidantan ƙauye.