Jidda daga bakin jirgin ruwa: abin da alhazan da sunka gani da abin da sunka ci

Ƴan'uwa ɗalibai, mu mutanen Adar in an ce ruwa hankalinmu rijiya yake zuwa, ko tabkin Tabalak, ko hadarin damana. Teku ba ta cikin lissahinmu. Duk da haka akwai wani gari na bakin teku da sunanshi ya zamna bakin tsohinmu na Barmu da Tawa kamar sunan ƙauyen maƙwabta, shi ne Jidda. Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, kuma abin da ya kai ni ga tarihin wanga gari kalmomi ne, musamman na abinci. Ina son in bi da ku hanyar da mahajjatan da sunka bi har su hau jirgin ruwa, mu ga abin da idonsu ya gani da sunka sauka, da abin da sunka ci, da abin da sunka bari can.

Kahin jirgin sama ya zama ruwan dare, talakan ƙasar Hausa da ƙafa ko da jaki yake nufar gabas. Mutumin Adar ya kan gangara Ƙonni ko Maraɗi, ya shiga Kano, ya wuce Barno, ya ratsa Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yau, sai Abeshe, sai Darfur, har El Obeid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso tun wajen 1912. Tahiyar takan ci shekaru, don guzuri ƙarewa yake a hanya, sai an tsaya an yi ƙodago. Bayan da anka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira sun riƙe dubban mutanenmu. Kusa da nan ne kuma garin Mai Wurno yake, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda sunka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙarshen ƙasa shi ne bakin Bahar Maliya: tsohuwar tashar Sawakin, ko sabuwar tashar Port Sudan da anka buɗe a 1909.

Daga Sawakin zuwa Jidda kilomita 300 ne da ƴan kai. Mai takardu da kuɗin jirgi ya kan shiga babban jirgin hayaƙi, bayan an yi mishi allura an tsare shi kwanaki don gudun annoba. Wanda ba shi da hali sai ya ba masu ƙaramin jirgin katako mai filafilai, wanda Larabawa ke kira sambuk, abin da ya samu, su ƙetare da shi cikin dare, sau da yawa su sauke shi can kudu da Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuda, ya ƙarasa da ƙafa. Wagga hanya ta ci rayuka, kuma akwai waɗanda anka sayar bayi bayan sun sauka, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Manya kuwa tasu hanya daban ce. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya hau jirgin ruwa daga Legas, ya biya ta Ingila, sannan ya nufo Jidda. Teku guda ce sunka ƙetare, amma kowa da irin saukar da ya yi.

To mine ne mai saukowa ke fara gani? Gaɓar Jidda cike take da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, saboda haka a wancan zamani manyan jirage nesa da gaɓa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane da kayansu. Daga cikin ruwa mutum zai hango gari fari, kewaye da ganuwa. An gina ganuwar a farkon ƙarni na 16, zamanin sarkin Masar Ƙansu al-Guri, don tsoron jiragen yaƙin Fotugal, kuma ta tsaya har 1947 da anka rushe ta. Garin kanshi ya girmi ganuwar nesa ba kusa ba: tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira, anka mai da shi tashar jiragen Makka.

Ga mutumin da ya tashi cikin ɗakin laka da rumbun hatsi, gidajen Jidda abin tsayawa kallo ne. Da dutsen murjani na cikin teku anka gina su, hawa ukku, huɗu, wasu har biyar, da tagogin katako masu sassaƙa da ke leƙo kan hanya, waɗanda ake kira rawashin. Iska na shiga ta cikinsu, na ciki na ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Mafi suna cikinsu shi ne gidan Nasif, wanda anka gama a 1881, inda sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a ƙarshen 1925. Daga nan kasuwar Alawi ta miƙe har ƙofar da ake kira Babu Makka, inda ayarin raƙuma ke tashi zuwa Makka, tahiyar kilomita 70 da wani abu. Akwai kuma masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a garin. Wurin da mahajjata sunka fi ɗokin ziyarta shi ne wata maƙabarta a bayan ganuwa da ake cewa nan kabarin Nana Hawwa'u yake. Matafiyi Ibn Jubair, da ya sauka Jidda a 1183, ya ambaci wata tsohuwar ƙubba da ake dangantawa da ita. An rushe ginin a 1928. Har sunan garin wasu daga nan suke ciro shi, su ce jadda ce, wato kaka, alhali masana harshen Larabci sun fi karkata ga judda, bakin ruwa.

Yanzu mu zo ga ciki. Abin da ya fi tsada a tsohuwar Jidda shi ne ruwan sha. Garin ya daɗe yana dogara ga ruwan sama da ake tarawa a ramuka, da wani inji mai tace ruwan teku da mutanen gari sunka laƙaba ma suna kindasa, daga kalmar Turanci ta injin. Sai a 1947 anka jawo ruwa daga Wadi Faɗima. Ɗaukar ruwa da dako a tasha na cikin ayyukan da baƙin Afirka ta Yamma sunka rayu da su. Ku duba dai, mutum ya baro ƙasar da ake wahalar rijiya, ya zo bakin teku ya iske nan ma da ruwa ake cin abinci.

Abincin Jidda na baƙi ne, don kowane jirgi da abin da yake zubarwa. Akwai ful, waken da ake dafawa ya kwana bisa wuta, wanda ya zo daga Masar. Akwai gurasar tamis da shinkafar bukhari, da mutanen tsakiyar Asiya sunka kawo. Akwai mutabbaƙ, da sayadiyya, wato shinkafa da kihin teku, abincin masunta. Wanda ya saba da tuwon hatsi da hura da nono, sai ya koya ma cikinshi sabon karatu.

Mu ma mun zuba namu cikin tukunyar, kuma a nan ne darasin harshe yake. A Makka da Jidda har gobe ana sayar da wani gasasshen nama da ake barbaɗa ma garin gyaɗa da yaji, sunanshi siriye ko sire. Wanga tsirenmu ne. Larabci ba shi da sautin ts irin namu, mai fita da ƙarfi daga maƙogwaro a rufe, sai bakin Balarabe ya sassauta shi ya koma s. A ɗaya gaɓar kuma, a Sudan, irin wanga nama agashe ake ce mishi. Ku saurari kalmar da kunnen Bahaushe: a gashe, kamar a dafe, kamar a soye. A ganina ƴar jimlar mai talla ce ta daskare ta zama suna. Kalmomi biyu ke nan, ɗaya a kowane gefen Bahar Maliya, suna nuna inda mutanenmu sunka yada zango sunka hura wuta.

Kalmomi sun biyo hanyar dawowa su ma. Makawiya da alhaji ke yafawa daga sunan Makka ta fito. Haƙorin Makka kowa ya san shi. Ƴan Kano-Jidda suna ne na zamanin jirgin sama, na masu safarar kaya tsakanin garuruwan biyu. Mai nauyi cikinsu ita ce takari. Asalinta Takruri, daga Takrur, tsohuwar daular bakin kogin Senegal, sunan da Larabawa sunka yi ma duk baƙin Afirka ta Yamma kuɗin goro da shi. Yau a bakinmu kalmar ta koma kusan zagi, ana jifar wanda ya maƙale a Saudiyya ba takardu da ita. Amma cikin waɗanda anka fara kira haka akwai wanda ya yi shekaru yana tahiya don sauke farali, kuɗin komowa sunka gagara, ya yi aure ya haihu can. Jikokinsu na nan da sunan dangi Hausawi. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2018, ƴan wasa ukku na Saudiyya wanga suna gare su: Usama, Umar da Mu'utaz.

Yau alhajin Tawa awa kaɗan yake yi a sama ya sauka. Tun 1981 akwai tashar alhazai ta musamman a filin jirgin Jidda, daga nan mota ta kwashe shi. In ya samu sararin yawo, ya ga maɓuɓɓugar sarki Fahad tana harba ruwa sama a bakin teku, ya ci kazar Albaik, gidan abincin da ya faro a Jidda a 1974, ya sayi tsaraba. Tsohon garin na nan, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014, amma ba kowa ke sanin cewa kakanninshi sun yi dako a lungunan ba.

Waɗanda sunka ƙetare da jirgin ruwa sun kusa ƙarewa, saura ƴaƴansu da sunka ji labari daga bakinsu. Rahotannin Turawan mulki sun ƙidaya mahajjata, amma ba su rubuta abin da mutum ya ji ranar da ya fara ganin ruwan da ba shi da ƙarshe ba. Ga roƙona gare ku: hutu mai zuwa, duk mai waya ya zamna gaban tsohon gidansu ko na unguwarsu, ya nemi izini, ya ɗauki murya. A tambayi zangon da anka yi, da abin da anka ci, da sunan da ake kiran kowane abu, da dangin da sunka tahi ba su komo ba. A rubuta da Adarancin da anka faɗa, kada a gyara shi zuwa Hausar Kano. In mun tara, sai mu buga a fitowa ta gaba ta wanga ɗan littafi namu.