Takardar Shaida Ba Ta Ƙare Karatu: Tarihin Ƙarin Horo ga Ma'aikatan Jinya a Ƙasar Adar

Masu iya magana na cewa gemu ba ya hana ilimi. In akwai sana'ar da wannan zance ya zame wa dole, to ita ce ta kula da lafiyar yara. Malamin jinyar da ya fito makaranta a 1990 aka turo shi Tamaske, an koya masa cewa maganin masassarar cizon sauro shi ne nivakin, kuma yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi asibiti. Kafin ya cika shekara ashirin yana aiki, duka biyun sun sauya. Takardar shaidarsa tana nan rataye a bango, amma wani ɓangare na abin da ta shaida ya tsufa. Tambayar da tarihin Keita, Buza da Madawa ke amsawa ita ce: ta wace hanya sabon ilimi ke isa ga ma'aikacin da ke nesa da birni, kuma me ke sa ya zauna ko ya gushe?

Kafin zuwan Nasara, ilimin kula da jariri gado ne. Ungozoma ta koya wajen uwarta ko kakarta, wanzami ya koya wajen ubansa, kuma koyon ba ya da ranar ƙarewa, domin almajiri na tare da malaminsa har tsufa. Turawan Faransa sun zo da wani tsari dabam. A 1918 suka buɗe makarantar likitanci a Dakar domin horar da likitoci mataimaka da ungozomomin zamani na Afirka ta Yamma, daga baya kuma makarantar Jamot ta Bobo-Julaso ta riƙa fitar da ma'aikatan yaƙi da manyan cututtuka. Waɗannan makarantu sun yi wa Adar nisa ƙwarai, kuma wanda ya fito daga cikinsu da wuya ya sake komawa aji. Akasarin masu jinya a bakin aiki suka koya, ƙarƙashin likitan da suke yi wa hidima. A 1950 mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wanda ya zama wurin da mutanen yankin ke kai marasa lafiyar da suka gagari ƙananan gidajen likita.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta kafa makarantunta: makarantar kiwon lafiya ta ƙasa a Yamai, wadda yau ke ɗauke da sunan Damure Zika, da ta Damagaram. Sai dai abin da ya fi jan hankalin duniya a lokacin shi ne wani tsari da aka soma a jihar Maraɗi cikin shekarun 1960, daga baya ya yaɗu har jihar Tawa. Gari zai zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga cikin ƴaƴansa, a ba su horo na ƴan kwanaki, a damƙa musu akwatin magani mai ɗauke da nivakin, asfirin, maganin ciwon ido da na wanke miki. Su ne ake kira sekuris. Tsofaffin ungozomomi su ma aka koya musu tsabtar yanke cibi da gane haihuwar da ta fi ƙarfinsu. Wannan ya faru tun kafin taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince da kiwon lafiya matakin farko.

Ƙarfin tsarin bai tsaya ga horon farko ba, domin kwanaki kaɗan ba sa mai da manomi likita. Ginshiƙinsa shi ne ziyarar da majo, wato shugaban gidan likita, ke kai wa ƙauyuka, da taron tuni da ake kiran sekuris lokaci lokaci domin a bi darussa a gyara kurakurai. Da kuɗin yuraniyom suka ja baya a shekarun 1980, man mota da na babur ya yi wuya, ziyara ta ragu, akwatuna suka bushe, yawancin ƙungiyoyin ƙauye kuma suka mutu a tsaye. Darasi na farko ke nan: horon da ba a bibiya kamar shuka ce da aka bari ba noma.

Jihar Tawa ta sake zama fagen gwaji a shekarun 1990. A 1993 aka gwada biyan kuɗin magani a wasu gundumomin ƙasar, bisa shawarar Bamako ta 1987, abin da ya tilasta wa ma'aikata koyon lissafin magunguna da bin jadawalin gano cuta da ba da magani. A wannan shekarar kuma aka soma wani shiri na inganta aikin lafiya a jihar, da tallafin Amurka, wanda ya ci gaba har 1998. Sabon abin da ya kawo shi ne sauya ma'anar ziyarar manya. Maimakon mai duba aiki ya zo neman laifi, sai aka horar da shi ya zauna da ma'aikata, su ɗauki matsala guda, misali yaran da ba su kammala rigakafi ba, su binciki dalili da alƙaluman rajistarsu, su gwada mafita, su dawo su auna. Gidan likita da kansa ya zama aji.

A tsakiyar shekarun nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da hanyar duba yaro gaba ɗayansa, wadda ake kira PCIME da Faransanci. Horonta na asali kwana 11 ne, a aji da kuma gaban marasa lafiya. Ana koya wa ma'aikaci kada ya tsaya ga abin da uwa ta kawo ƙara kansa. Ya fara neman alamun haɗari: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya sha, yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya cikin hayyacinsa. Sannan ya ƙidaya numfashi minti guda cif: in ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, to akwai alamar ciwon huhu. Wannan ilimi ba ya buƙatar na'ura mai tsada, agogo da natsuwa sun isa, amma yana saurin zubewa in ba a zo an ga yadda ake aiki da shi ba.

Daga 2001, shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja ya gina ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a ƙauyuka, aka zuba musu ma'aikatan da horonsu na farko watanni ne kawai. Sai ga yunwar 2005, wadda ta girgiza Maraɗi da Tawa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a gidajen iyayensu, da abincin gyaɗa na Plumpy'nut. Ma'aikatan Keita, Buza da Madawa sun koyi sabuwar sana'a cikin gaggawa: auna damtse da igiya mai launi uku, danna ƙafa domin gane kumburi, gwada ko yaro na iya ci, da rarrabe wanda za a kwantar da wanda za a sallama ya riƙa dawowa kowane mako. A 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, layi ya ƙaru a ƙofar majo, ko da yake jinkirin biyan kuɗin da gwamnati ta ɗauki nauyi ya sha barin kantocin magani fayau.

Sakamakon bai ɓuya ba. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidajen sauro, sinadarin bitamin A, jinya kyauta da yaƙi da tamowa duk suna da rabo, amma babu ɗayansu da ya isa ga yaro ba ta hannun ma'aikacin da aka sake koya masa ba. Sauye-sauyen kuwa ba su tsaya ba. An bar nivakin aka koma magungunan haɗi masu atemisinin, aka zo da gwajin jini na gaggawa, aka haɗa zinki da ruwan gishiri da sukari wajen maganin zawo. A 2013 Madawa da Buza na cikin gundumomin farko da aka soma raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga masassara sau ɗaya a wata cikin damina. A 2014 aka shigo da rigakafin ciwon huhu da na zawon rota, a 2024 kuma na masassarar cizon sauro.

Tarihin yana da tabonsa. Yawancin horon nan masu ba da tallafi ne suka biya shi, kowa da cutar da ta dame shi, sai taruka suka yi yawa a Tawa da Yamai, kuɗin zaman taro kuma suka zama abin nema. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna nuna tazarar da ke tsakanin abin da aka koya a ɗakin taro da abin da ake aikatawa a ɗakin jinya. Sau da yawa mai uwa a gindin murhu ne ke tafiya, wanda ke duba yara kullum a bar shi. A gidan likita mai ma'aikaci guda kuwa, tafiyarsa taro na nufin rufe ƙofa. Da shiri ya ƙare, ziyara ta ƙare, kamar dai yadda aka yi da sekuris. Wayar salula ta rage nisa, ma'aikaci na iya karanta jagora ko ya tambayi likita ta WhatsApp, amma waya ba ta ganin yadda hannu ke neman jijiyar jariri.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye. Da Faransanci ake horar da ma'aikaci, amma da Hausa ko Tamajak yake magana da uwa. In bai san yadda zai faɗi alamun haɗari da kalmomin da matar Tamaske ke amfani da su a tsakar gidanta ba, rabin karatunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Tattara sunayen cututtukan yara a harshen Adar, rubuta ƙananan littattafai, shirya wasan kwaikwayo da shirye-shiryen rediyon karkara tare da majo da ungozoma, duk aiki ne da bai jiran kuɗin waje. Shekaru sittin sun nuna cewa ilimin da ke ceton yaro shi ne wanda ake kai wa ma'aikaci har inda yake, ake maimaita masa, kuma yake iya bayyana shi ga uwa ta fahimta.