Rikicin Angola na 1975 da Matsayin Nijeriya Tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 har zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, siyasar duniya ta rabu gida biyu: ɓangaren jari-hujja ƙarƙashin Amurka, da ɓangaren gurguzu ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Wannan zamani shi ake kira zamanin yaƙin cacar baka, domin manyan ƙasashen biyu ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba, kowace tana tsoron makaman nukiliyar ɗayar. Amma wannan suna a Turai kawai ya dace. A Asiya da Afirka da Latin Amurka jini aka zubar, kuma mafi yawansa na talakawan da ba su san Washinton ko Mosko ba.

Wannan maƙala za ta ɗauki misali guda, wato rikicin Angola na 1975 zuwa 1976, don nuna yadda manyan ƙasashen suke tafiyar da harkokinsu na waje, da kuma yadda Nijeriya a ƙarƙashin Janar Murtala Ramat Muhammad ta ƙi bin layin da aka shata mata.

Sulhu a Turai, wuta a Afirka

Shekarar 1975 ta zo a tsakiyar lokacin da ake cewa gaba ta sassauta tsakanin ɓangarorin biyu. A 1972 Shugaba Nixon ya je Mosko, inda shi da Brezhnev suka sa hannu a yarjejeniyar farko ta taƙaita manyan makamai. A watan Yuli na 1975 kumbon Amurka da na Sobiyet suka haɗu a sararin samaniya, 'yan sama-jannatin ƙasashen biyu suka gaisa duniya tana kallo. Ranar 1 ga Agusta kuma ƙasashe 35 suka sa hannu a yarjejeniyar Helsinki, wadda ta amince da iyakokin Turai kamar yadda yaƙi ya bar su.

To, a cikin wannan wata na Yuli ne Shugaba Gerald Ford ya amince wa hukumar leƙen asiri ta CIA ta fara tura makamai Angola a ɓoye, alhali jiragen Sobiyet sun riga sun fara sauke nasu. Kowane ɓangare da yadda ya fahimci sulhun. Mosko tana ganin ya shafi makaman nukiliya da Turai ne kawai, bai hana ta taimakon masu neman 'yanci ba. Shi kuwa Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Henry Kissinger, yana ganin duk inda aka bar Sobiyet ta ci riba, za a ɗauka Amurka ta yi rauni, musamman da yake a ƙarshen Afrilun wannan shekara ne birnin Saigon ya faɗa hannun 'yan gurguzun Biyetnam.

Asalin rikicin

Tun 1961 mutanen Angola suke yaƙi da mulkin mallakar Fotugal. Ita Fotugal tana cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949, kuma Amurka tana da sansanin jiragen sama a tsibiranta na Azores, saboda haka ba ta matsa mata lamba sosai ba. Ranar 25 ga Afrilu, 1974, wasu hafsoshin Fotugal da suka gaji da yaƙe-yaƙen Afirka suka kifar da gwamnatin Marcelo Caetano, sabuwar gwamnati kuma ta yanke shawarar sakin ƙasashen da ke hannunta.

Matsalar Angola ita ce masu neman 'yancin sun kasu uku. Akwai MPLA ta Dokta Agostinho Neto, mai ƙarfi a Luwanda babban birni da kuma cikin ƙabilar Mbundu, wadda ta daɗe tana samun taimakon Sobiyet. Akwai FNLA ta Holden Roberto, mai tushe cikin Bakongo na arewa, wadda ta jingina da Shugaba Mobutu na Zayar, ta kuma sami makamai da masu horarwa daga ƙasar Sin a 1974. Sai UNITA ta Jonas Savimbi, mai goyon bayan Ovimbundu na tsakiyar ƙasar. A watan Janairu na 1975 dukkansu suka sa hannu a yarjejeniyar Alvor, suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya da zaɓe, aka kuma tsayar da 11 ga Nuwamba ranar 'yanci. Ba a yi wata uku ba faɗa ya ɓarke a Luwanda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ɗan gari akan ci gari

Babu sojan Amurka ko rundunar Sobiyet da ta shiga fagen fama a Angola. Kowace ta nemi wanda zai yi mata aikin. A Janairun 1975 Amurka ta ware wa FNLA dala 300,000, kafin ƙarshen shekara kuma kuɗin shirin ɓoye na CIA ya kai kusan dala miliyan 32, ana bi da makaman ta Kinshasa zuwa FNLA da UNITA. Mataimakin Kissinger mai kula da Afirka, Nathaniel Davis, ya yi gargaɗin cewa asirin zai tonu kuma shirin ba zai kai ga nasara ba. Da aka ƙi jin shawararsa sai ya ajiye muƙaminsa.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar Afirka ta Kudu, wadda a lokacin take mulkin wariyar launin fata, take kuma riƙe da Namibiya. A tsakiyar Oktoban 1975 rundunarta ta ƙetaro iyaka da motocin sulke, ta kama garuruwan bakin teku irin su Benguela da Lobito, ta doshi Luwanda daga kudu, yayin da FNLA da sojojin Zayar suka taso daga arewa. Ganin haka, a farkon Nuwamba Fidel Castro na Kyuba ya tura sojojin yaƙi, bayan 'yan ɗaruruwan masu horarwa da ya aika tun farko. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna cewa Castro ya yanke wannan shawara ne ba tare da ya nemi izinin Mosko ba, ko da yake Sobiyet ta biyo baya da makamai da jiragen jigila. Ranar 10 ga Nuwamba aka fatattaki FNLA a Kifangondo, arewa da Luwanda, washegari kuma Neto ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Angola. Kafin tsakiyar 1976 sojojin Kyuba a ƙasar sun haura 30,000.

Matsayin Nijeriya

Janar Murtala ya hau mulki ranar 29 ga Yuli, 1975. Da farko gwamnatinsa ta bi ra'ayin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, wato a kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin uku. Amma da ta tabbata cewa sojojin wariyar launin fata suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da UNITA da FNLA, sai Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA ranar 25 ga Nuwamba, ta kuma ba ta gudummawar dala miliyan 20. Kwamishinan Harkokin Waje, Kanar Joseph Garba, da sauran wakilai suka shiga zagaya ƙasashen Afirka neman goyon baya.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa Nijeriya ba ƙasar gurguzu ba ce, kuma a lokacin tana cikin manyan masu sayar wa Amurka ɗanyen mai. Abubuwa biyu suka ba ta ƙarfin hali. Na farko arzikin mai, wanda ya sa ba ta jiran tallafin kowa. Na biyu darasin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Sobiyet ta sayar mata da jiragen yaƙi samfurin MiG, Fotugal kuwa ta bar tsibirin Sao Tome ya zama hanyar kai kaya Biyafara. Hafsoshin da suka yi wannan yaƙi su ne ke mulki a 1975.

Gab da taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, Shugaba Ford ya aika wa shugabannin nahiyar wasiƙa, yana neman kada su amince da MPLA, su kuma nemi ficewar Sobiyet da Kyuba, yana ɗaura janyewar Afirka ta Kudu a kan wannan. A al'adar diflomasiyya irin wannan takarda sirri ce. Gwamnatin Nijeriya ta buga ta a jaridu a farkon Janairun 1976, ta ce cin mutuncin shugabannin Afirka ne. Ranar 11 ga Janairu, a Adis Ababa, Murtala ya yi jawabin da ya shahara, wanda ma'anarsa ita ce Afirka ta balaga, ba za ta ƙara karɓar umurni daga wata ƙasar waje ba komai ƙarfinta. Ya tunatar da taron cewa waɗanda ke kukan shigowar Sobiyet yanzu su ne suka yi shiru duk shekarun da Fotugal take kashe mutanen Angola.

Duk da haka taron bai ba shi abin da yake so ba. Ƙasashe 22 suka goyi bayan amincewa da MPLA, 22 suka tsaya kan gwamnatin haɗin gwiwa, Habasha mai masauki da Yuganda mai shugabancin ƙungiyar suka ƙi ɗaukar ɓangare. Amma cikin makonni kaɗan wasu ƙasashe suka sauya, ranar 11 ga Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Kwana biyu bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Murtala a Legas a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka, aka kai shi Kano aka yi masa sutura.

Abin da ya biyo baya

A Amurka kanta shirin ya gamu da cikas. Ranar 19 ga Disamba, 1975, Majalisar Dattawa ta hana ƙarin kuɗi da ƙuri'a 54 da 22, domin 'yan majalisa ba sa son wata Biyetnam. Afirka ta Kudu, wadda shugabanninta suka yi ta ƙorafin cewa Amurka ta zuga su sa'annan ta zame, ta janye sojojinta a ƙarshen Maris 1976. A watan Afrilu Kissinger ya zagaya Afirka, Nijeriya ta ƙi karɓar baƙuncinsa, a Lusaka kuma ya bayyana goyon bayan Amurka ga mulkin masu rinjaye a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya zo Legas da kansa. Sulhun manyan ƙasashen ma ya sami rauni, har Ford ya daina ambaton sunansa a yaƙin neman zaɓe.

Wani abin lura shi ne, kamfanin man Amurka na Gulf ya koma haƙar mai a yankin Kabinda a 1976, yana biyan gwamnatin MPLA kuɗi, sojojin Kyuba suna gadin rijiyoyinsa, alhali Amurka ba ta amince da gwamnatin ba sai a 1993. Aƙida tana da iyaka a inda riba ta fara.

Su kuwa mutanen Angola, kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A 1985 majalisar Amurka ta ɗage haramcin, Shugaba Reagan ya karɓi Savimbi a fadarsa a 1986, makamai suka sake kwarara daga ɓangarorin biyu. Yarjejeniyar New York ta Disamban 1988 ta kawo ficewar Kyuba da 'yancin Namibiya a 1990, amma yaƙin basasar bai tsaya ba sai bayan kashe Savimbi a 2002, shekara goma sha ɗaya bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Dubban ɗaruruwa suka mutu, miliyoyi suka bar gidajensu, nakiyoyin da aka binne suka gurgunta manoma da yara.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan tarihi ya kamata ya nuna wa ɗalibai fuskokinsa biyu. Tsayuwar Murtala ta tabbatar da cewa ƙasar Afirka mai dogaro da aljihunta tana iya cewa a'a ga babbar ƙasa, har ta sa ta sake lissafi. Amma amincewa da ɓangare guda bai kawo wa Angola zaman lafiya ba, kuma MPLA ta kafa mulkin jam'iyya ɗaya har zuwa farkon shekarun 1990. Ƙasashe 22 da suka nemi haɗin gwiwa ba duka ne 'yan amshin shatan Amurka ba. Wasu, irin su Zambiya ta Kenneth Kaunda, suna tsoron a kori baƙo ɗaya a shigo da wani. Tambayar da ta raba zauren Adis Ababa gida biyu a 1976, wato taimakon wa za a karɓa kuma da wane sharaɗi, ita ce dai ke gaban shugabannin Afirka duk lokacin da wata babbar ƙasa ta zo da tayin makamai ko bashi.